Sutan Mangkuto Ya Yi Ɗaki a D

A unguwarmu ta Bukittinggi, in ka ce kana neman gidan Sutan Mangkuto, yara za su tsaya suna kallonka. Amma ka ce gidan Uni Nidar, wato Yaya Nidar, mai soyayyen rogo, sai su kama hannunka har bakin ƙofa. Ba raini ba ne, haka muke. Gida na mace ne, ta gada wurin uwarta, 'yarta za ta gada a wurinta. Miji kuwa da jakarsa ya shigo ranar aure. Ana girmama shi, ana zuba masa abinci a kwano mai kyau, amma ko ƙusa ba zai kafa a bango ba sai ya yi shawara.

Sutan bai taɓa kuka da wannan ba. Gajere ne mai tumbi, dariyarsa kan riga shi shiga wuri. Sai dai in ka bi rayuwarsa daga farko, za ka ga bai taɓa samun inda zai tura ƙofa ya ce nan nawa ne ba. Ɗakunan gidan uwarsa na 'yan'uwansa mata ne, tun da ya yi wayo aka tura shi kwana a ƙaramin masallacin unguwa tare da sauran yara maza, kowa da tabarmarsa. Da gemu ya fara tsirowa ya tafi ci-rani kamar kowa. Ya yi Medan, ya yi Palembang, ya yi Jakarta, duk a gidajen abinci irin namu, yana jera faranti a hannu ɗaya tun daga yatsu har kafaɗa ba tare da miya ta ɗiga ba. In an tashi aiki sai ya haɗa benci biyu ya miƙe. Da ya yi aure kuma, ɗakin Nidar ne, gadon Nidar, kabad ɗin Nidar. An ba shi kanta ɗaya a ciki, ita ma rabinta mayafanta ne.

Abin da ya samo a ci-rani, ban da ciwon gwiwa, shi ne abokinsa Kutar. Tare suka yi ɗaukar faranti, tare suka yi kwanan benci kai da kai, tare aka kore su daga wani gidan abinci saboda dariya. Kutar ya haye Kuala Lumpur ya buɗe nasa shagon, ya zauna can. Shekara da shekaru sai dai gaisuwa a bakin matafiya, har kwamfuta ta shigo gidan Nidar.

Babbar 'yarsu ce ta matsa aka saya, don masu shaguna na Pekanbaru da Batam sun fara cewa su ta imel za su riƙa aiko da odar rogo. Aka ɗora ta a kan tebur a falo, aka yafa mata ƙyalle mai ado, daidai tagar da ke kallon rumfar suya, inda mata ke fere rogo suna turbuɗa shi cikin jan barkono. Aka buɗe imel ɗaya da sunan sana'ar gidan. Da Kutar ya ji labari sai ya sa aka nuna masa yadda ake yi, ya fara aiko wa abokinsa saƙo ta nan.

To ita Nidar, Allah ya yi ta ba ta iya karatu a zuci ba. Duk abin da idonta ya gani, bakinta ya faɗa, muryarta kuma ba ta san hanyar ƙasa ba. Kowace safiya in ta buɗe saƙonni, rumfar suya gaba ɗaya tana saurare.

"Ga na Batam, suna son mai barkono da yawa. Ga na Pekanbaru. Au, Uda, ga mutuminka!" Haka take kiransa, kamar yadda kowace mace take kiran mijinta. "Wai, 'Kai Tulu! Har yanzu kana minsharin nan da ya sa maigidanmu na Medan ya fito da tocila yana neman wanda ya tayar da janareto?'"

Mata suka kwashe da dariya. Sutan ma ya yi, har da buga cinya, don Tulu shi ne sunan da Kutar ya raɗa masa saboda tumbinsa. Washegari Kutar ya tono labarin wata mai sayar da kifi a Palembang, wadda Sutan ya taɓa rera wa waƙa a bakin kogi ta watsa masa ruwan wanke-wanke. Sati guda in ya gifta rumfa sai mata su ɗauki waƙa. Wannan ma ya shanye, don shi mutum ne da ba ya ƙin a yi dariya da shi.

Ranar da abin ya ɓaci, Nidar ta fara karatu da muryar dariya kamar kullum. Sai da ta yi nisa ta gane abin da take karantawa. Kutar ne yake cewa tun da matarsa ta rasu gidan ya yi masa girma, har yanzu in ya tashi da safe kofi biyu yake ɗaukowa, sai ya zuba ruwan zafi ya tuna. Ya ce bai faɗa wa 'ya'yansa ba, ba wanda zai iya faɗa wa sai Tulu. Babu mai mugun nufi a cikin matan nan, amma ɗaya tana da 'yar'uwa a Kuala Lumpur, 'yar'uwar kuma ta ɗauki ƙafa ta je har shagon Kutar ta yi masa jaje, ta kawo masa maganar kofi biyu tiryan-tiryan.

Saƙon da ya biyo baya gajere ne. "Na zaci da kai nake magana, ashe da kasuwa nake. Ka gaida Nidar." Daga nan Kutar bai sake aiko da saƙo ba.

Abin ya ci Sutan ƙwarai. Ya daina tsokanar masu suya, ya daina neman ƙarin shinkafa. Nidar ta ba shi haƙuri har da hawaye, ta rantse ba za ta ƙara ba. Ya ce ya yafe, kuma da gaske yake. Amma shi da ita duk sun san halin bakin nan, kuma sun san Kutar ba zai sake buɗe cikinsa a akwatin da ke kallon rumfa ba.

Ana cikin haka kwamfuta ta kamu da cuta, aka kira Erizal mai gyara. Shi Erizal magani ɗaya gare shi ga kowace cuta: ya wanke kwamfuta tas ya sake zuba mata komai. Saboda haka duk wadda ta bi ta hannunsa sai ya raba cikinta gida biyu, C da D.

"C nan ne ake zirga-zirga, Uni, nan nake sharewa," ya ce da Nidar. "Kafin in share sai in kwashe saƙonninki, in na gama in mayar. D kuwa ba na taɓa shi."

Sutan yana gefe yana shan kofi. Ya ajiye kofin. "Me ke cikin D ɗin, Zal?"

Erizal ya amsa da ladabi, don Pak muke ce wa dattijo. "Ba komai, Pak. Hotunan bikin 'yarku ne kawai a wani lungu. Saura fili ne fetal."

"Na wa ne?"

Erizal ya yi dariya. "Ba na kowa ba ne."

Sutan ya jawo kujera. Ya tambaya ko mutum zai iya samun nasa imel ɗin. Erizal ya ce sosai ma, sai a ƙara sunansa a cikin manhajar Uni. Sutan ya ce in an buɗe fa, wa zai gani? Erizal ya sosa ƙeya ya ce gaskiya irin wannan manhajar ƙofa ɗaya gare ta, duk wanda ya buɗe ya ga komai. Ya ce ko kuma Pak ya riƙa zuwa shagon intanet na bakin kasuwa. Sutan ya ce shi ya gama zaman bencin mutane.

"To saura hanya ɗaya. A sake zuba wata manhajar daban a D, da sunanka, da makullinka, saƙonninka su riƙa sauka can. Ko na wanke C sau ɗari ba abin da zai same ta."

"A yi mana yanzu," in ji Nidar. "Me ake jira?"

"A'a," Sutan ya ce. "Yau ki ba ni, gobe in ce miyarki ta yi gishiri ki sa Zal ya share ni? Sai a gaban yayanki."

Ta ɗauka wasa yake yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi ya fito cikin baƙar rigarsa ta taro, ya kafa hula, ya saɓa zane a kafaɗa, yana riƙe da tiren tagulla na ganyen taunawa, irin wanda ake gabatarwa in za a nemi aure ko a yi maganar gona. A falo kuwa Datuak Sinaro na zaune a kan tabarma. Datuak sarauta ce ta dattijon zuriya, ana ce masa Angku don girmamawa. Shi ne yayan Nidar, shi ke kula da duk abin da matan zuriyarsu suka mallaka. Dogo ne siriri, ba a cika ganin haƙoransa ba. An gayyato Erizal a matsayin shaida. Matan rumfa suka cika taga.

Sutan ya tanƙwashe ƙafa, ya tura tire gaba, ya gyara murya. Ka san mutumin nan in ana neman mai jawabi a biki shi ake ɗaukowa, yakan zagaya da magana har shinkafa ta huce.

"Angku Datuak, a gafarce ni in harshe ya yi tuntuɓe. Na zo gidan nan da jaka ɗaya, aka karɓe ni hannu bibbiyu. Na ci, na sha, na ga 'ya'yana, na ga jikokina. Ban taɓa neman gona ba, ban taɓa neman kududdufin kifi ba, ko bishiyar kwakwa ɗaya ban ce a ba ni ba. Yau dai na zo da ƙoƙon bara. Akwai wani fili a cikin akwatin can. Ba a noma shi, ba a kiwo a cikinsa, ba wanda aka binne a ciki. Sunansa D. Ina roƙon a ba ni in kafa ɗan ɗaki, in riƙa saukar da baƙona."

Wata a taga ta tuntsire, aka toshe mata baki. Datuak bai ko murmusa ba. Ya ɗauki ganye ya naɗe, ya tauna a hankali.

"Filin nan, ina iyakarsa?"

Erizal ya kunna kwamfuta ya nuna masa wani da'ira a allo, ɗan yanki shuɗi, saura duk ja-ja. Datuak ya sa tabarau ya duba da kyau.

"Wa ke maƙwabtaka da shi?"

"C, Angku. Wurin Uni."

"In an yi gini, zai tare wa mata hanya? Ruwan rufinsa zai zuba a nasu?"

"Ko kaɗan, in dai an kafa shi daidai."

Datuak ya juya wajen ƙanwarsa, don komai tsawon jawabin maza, maganar ƙarshe ta mai gida ce. Nidar ta riga ta zame daga kujera, tana share hawayen dariya da bakin mayafi. Da ta ɗago ta dubi mijinta sai ta ga shi ba dariya yake ba. Nan take dariyar ta tsaya mata.

"Na ba shi," ta ce. "Duniya da lahira."

"An ba ka, Sutan," in ji Datuak. "Ba a sayarwa, ba a jinginarwa. Kowa ya shaida."

Aka shafa fatiha. Ana cikin hayaniya Datuak ya jawo hannun rigar Erizal, ya rage murya, amma duk mun ji. "Zal, ita wannan aba, daga D ta tsaya? Babu E?" Shi ma dai a gidan matarsa yake.

Erizal ya fito da faifan manhaja zai saka, Sutan ya karɓe. Ya ce ba a kafa wa mutum ginshiƙin farko yana tsaye yana kallo. Ya zauna a gaban allo, ya yi bismilla, ya tura faifai. Ya kama linzamin kwamfuta da hannu biyu, kibiya ta yi gabas ta yi yamma, ta ɓace, aka nemo ta. Erizal na tsaye a kansa yana cewa danna nan, Pak, sake danna nan. Sai suka iso wani ɗan akwati da rubutu a ciki, harafin farko C.

"Tsaya, Pak! Kada ka danna!" Erizal ya riƙe masa hannu. "Nan ne wurin. Ita ba ta san komai ba sai C. In ka bar ta haka, a kan ta Uni za ta hau ta zauna. Goge wannan harafin ka sa D."

"A kan tawa?" Nidar ta dafe ƙirji. "Odar Batam na ciki! Uda, don girman Allah ka kula da yatsun nan naka!"

Sutan ya goge C. Ya nemi D a cikin haruffa, ya wuce shi, ya dawo, ya same shi. Ya ɗora ɗan yatsa ya danna da ƙarfinsa duka, ya ƙi ɗagawa. D ya cika akwatin daga wannan gefe zuwa wancan.

"Fili ɗaya aka ba ka, Sutan," in ji Datuak. "Ba unguwa ba."

Falo ya kece. Sutan ya yi dariya har tumbinsa na bugun tebur, ya goge su ɗaya bayan ɗaya ya bar guda. Wani shuɗin layi ya fara tafiya a allo, yana yi yana hutawa. Kowa ya zuba masa ido, har sai da ƙaurin rogo ya shigo ta taga, mata suka ruga da salati. Kasko guda ya ƙone ƙurmus a ranar, Nidar ko a jikinta. Da layin ya kai ƙarshe, Erizal ya nuna masa inda zai gaya wa manhajar ta riƙa ajiye saƙonni a D ɗin, kada su koma cin kwano ɗaya da ta Uni. Aka rubuta sunansa, aka buɗe masa adireshi. Saura kalmar sirri.

"Kowa ya juya baya," Sutan ya ce. "Har Angku Datuak, a yi haƙuri."

Nidar ce ta fara juyawa. Ta fuskanci bango, ta toshe kunnuwanta biyu, ta kama karanta adireshin kalandar da ke rataye a gabanta da ƙarfi.

Washegari da sassafe unguwa ta ji ihu. Manhaja biyu iri ɗaya, alama biyu iri ɗaya a allo, Erizal kuma ya manta bai bambanta su ba. Nidar ta danna wadda ta fi kusa da hannunta, aka ce ta kawo kalmar sirri.

"Ta kulle ni! Uda! Kwamfuta ta kulle ni a gidan uwata!"

Sutan ya taho a hankali da kofinsa, ya leƙa ta kafaɗarta. Bai taɓa jin daɗin wata jimla kamar wadda ya faɗa a lokacin ba. "Ba ƙofarki ba ce, Nidar. Taki ga ta can."

Ta ɗaka masa duka a hannu, kofi ya zube. Da rana Erizal ya zo ya rubuta sunan kowa a ƙarƙashin alamarsa.

Saƙon farko da Sutan ya aika da yatsa ɗaya ya rubuta shi, ya ɗauke shi tun daga azahar har la'asar. "Kutar. Na yi ɗaki. Ba kowa a ciki sai ni, makulli na hannuna. Ka zo." Sai jira. Kullum da safe in Nidar ta gama da odarta sai ya zauna, ya sa makulli, ya tarar da wuri wayam. Ya rufe, ya zagaya, ya dawo ya sake buɗewa. Har ya fara cewa a ransa wataƙila ya yi gini bayan baƙo ya riga ya wuce.

Ran nan ya buɗe sai ga saƙon Kutar. Dogo ne, ya fara da zagi. Wai Tulu da ɗaki, lallai duniya ta zo ƙarshe, yana fatan an yi ƙofar da faɗi yadda tumbi zai shige. Sutan ya yi ta ƙyaƙyatawa shi kaɗai. Can sai dariyar ta lafa, ya matso da fuskarsa kusa da allo, ya daɗe yana karatu, yana goge ido da bayan hannu. Me Kutar ya ce a ƙasan saƙon, ban sani ba, ba kuma wanda ya sani.

Nidar ta sha wuya a kwanakin nan, wannan kam sai a yaba mata. Saƙo na zuwa, saƙo na tafiya, mijinta ya koma neman ƙarin shinkafa, ita kuwa ba ta san me ake cewa ba. In za ta gifta falo sai ta karkatar da kai gefe ta ɗauki waƙa. Sau da yawa takan buɗe baki za ta yi tambaya, sai ta mayar da ita tambayar ko yana son ayaba.

Wata safiya ta gama aikinta ta tashi da wuri, ta shige rumfa. Sutan ya zauna ya buɗe nasa. Saƙo ɗaya ne, ba daga Kuala Lumpur ba. Daga adireshin soyayyen rogo yake, daga C. Layi ɗaya ne.

"Salamu alaikum, maigida. A shigo?"

Ya karanta ya sake karantawa. Ya haura sittin a duniya, ya yi sallama a ƙofofin da ba su ƙirguwa, amma ba a taɓa tsayawa a tasa ana jiran izininsa ba. Farin ciki ya kawo masa hawaye, bai kuma ji kunyarsu ba. Ta taga yana hango ta, ta ba shi baya, tana juya rogon da bai buƙaci juyi ba.

Ya tashi ya shiga kicin, ya kaɗa shayi da ƙwai har ya yi kumfa, kofi guda, a kan faranti mai kyau. Ya jawo kujerar da ta fi laushi ya ajiye kusa da tasa, ya kakkaɓe ta da hularsa. Sa'an nan ya leƙa taga.

"Wa alaikumus salam. Shigo, Nidar."

"Ina aiki, Uda."

"Ku karɓar mata," ya ce da matan rumfa. "Baƙuwa na yi."